Kirtanin Gadon Inna

Litinin, 3 ga wata

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Inna. Ya ƙafar tata? Ya ɗinki, ya masu zuwa karɓar kaya tun ba a yanka ba? Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar murar da iskar teku ke sa min.

Na rubuto ne maimakon in kira, don a waya ba ma samun magana. Ke kina kan keken ɗinki, Inna tana kusa, kuma zancen nan ba na kunnenta ba ne tukuna.

Albishirinki! Shekara huɗu ke nan ina zaune bayan tagar nan ina miƙa wa mutane tikitin jirgin ruwa, ina kallon 'ya'yan wasu suna sauko da iyayensu riƙe a hannu, sun zo hutu. Bana dai shugabanmu ya sa hannu, an ba ni kwana goma nan da wata huɗu, lokacin da teku ke kwanciya. Na ce ba ni zan taho ba, ku za ku zo tsibirin nan. Inna ta haife mu ta raine mu, ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan kasuwa ba. So nake ta zauna a inuwar kwakwa ta tura ƙafarta cikin yashi, in gani da idona.

Masauki ne abin dubawa. Ɗakina kin san labarinsa, hawa na uku a gidan ma'aikata, kuma ba a yarda baƙo ya kwana ba. Na leƙa wuri uku. Akwai babban otal a kan tudu, yana da na'urar hawa bene, daga tagarsa ana hango kwalekwalen masunta har inda ido ya ƙare. Akwai wasu bukkokin katako dab da ruwa, masu kyau ƙwarai, sai dai sauron wurin ba ya jin magana. Sai kuma gidan wata dattijuwa, matar wani masunci da ya rasu, ɗaki biyu da baranda, babu bene ko ɗaya. Ga hotunansu na haɗo.

Ke kika san jikinta, ki zaɓa mana. Ki gaishe min da ita, ki ce ina nan ina kewarta.

Ƙanwarki,
Auta

*

Asabar, 15 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, mun gode Allah da jin lafiyarki. Ki riƙa rufe wuya saboda murar, tun kina ƙarama ƙirjinki ba ya shiri da sanyi. Inna da sauƙi. Gwiwar hagu ce ke tashi, ba ƙafar duka ba kamar yadda kika rubuta, amma ba laifinki ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kin ce kar ta ji. To, ta ji. Ambulan ta gani a kan keke ta ce sai an karanta mata. Kafin la'asar babu wanda bai sani ba a layinmu. Mai kanti ya sani, mai gyaran takalmi ya sani, wata da ta zo gwajin riga sai da ta tsaya hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje tana shan labarin yadda za a kai Inna ganin teku. "Autata ce za ta kai ni," in ji ta, "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka." Ina durƙushe a gabanta ina shafa mata man zafi take faɗin haka. Na ce amin. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ba ƙorafi nake ba, kar ki ce na fara. Shekara shida tun rasuwar Baba katifata tana ƙasa kusa da gadonta, kuma ban taɓa jin an tare mai kanti da labarina ba. Shi ke nan abin da zan ce.

Mu dawo kan masaukinki. Otal ɗin nan ki cire shi. Inna ba za ta shiga akwatin ƙarfe ya rufe ta ya yi sama da ita ba, ko a asibiti sai da muka bi ta gangara. Bukkoki kuwa ke da bakinki kin ce sauro, ban san me ya sa kika ɓata hoto ba. Gidan dattijuwar ban ce e ba, ban ce a'a ba. Hoto ba awo ba ne. Ni tela ce, "zai yi daidai" ya sha sa ni farke riga.

Ki je ki dubo min. Banɗakin na zaune ne ko na tsuguno? Ƙasansa yana da santsi in ya jiƙe? Taku nawa ne daga gado zuwa ƙofarsa? In ya wuce goma sha biyu, a takun tsohuwa ba naki na barewa ba, bai yi ba.

Sai babba. Ga kirtani nan cikin ambulan. Tsawonsa shi ne tsayin gadon da Inna ke iya hawa, daga ƙasa zuwa saman katifa. In gado ya ɗara shi ko da yatsa biyu ne, ba za ta kwana a kai ba, ban yarda ba. In ba a samu ba ai ba dole. Teku ba guduwa zai yi ba.

Inna tana gaishe ki.

Yayarki

*

Laraba, 26 ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna da gwiwar hagu. Kin ga na riƙe. Mura ta tafi.

Kirtaninki ya mai da ni abin kallo a tsibirin nan, wallahi. Na ce bari in fara da otal ɗin duk da kin soke shi, don in san inda aka dosa. Manajan ya rako ni da kwat ɗinsa da murmushinsa, yana nuna min labule, sai ya waiwayo ya gan ni a gurfane ina kara zare a jikin gado. Bawan Allah ya zaci daga hukumar duba otal aka turo ni. Nan da nan ya sa aka kawo min lemo, ya bi ni ɗaki huɗu yana share zufa. Da na ce masa uwata nake auna wa, sai murmushin ya koma inda ya fito.

Gado goma sha ɗaya na auna a wuri biyar. Kowanne ya fi kirtanin da wajen taƙi guda. Dattijuwar nan da ta ga awon sai ta riƙe haɓa ta ce, "'Yar nan, gado kuke nema ko tabarma mai ƙafa?" Na ce mata yayata tela ce, ba ta kuskuren awo. Ta ce to ai shi ke nan.

In ban da gadon, gidanta ya cika sharuɗɗanki kaf. Banɗaki na zaune, ƙasan siminti ne mai kaushi, na zuba ruwa na taka da kaina. Taku tara ne, kuma da jan ƙafa na yi shi, har dattijuwar ta tambaye ni ko na ji ciwo. Daga baranda zuwa yashi babu matakala. Da safe masunta suna wucewa ta gaban gidan da raga a kafaɗa, Inna za ta samu masu gaishe ta har ta gaji. Na ce wa dattijuwar ta riƙe mana gidan. Batun gado ki bar min, zan san yadda na yi.

Ga yadda na tsara kwana. Ni da Inna a ɗakin ciki mai banɗaki. Ke kuma na baranda, ke kaɗai, tagarsa tana kallon ruwa. Ki yi barci har rana ta dake ki, babu mai ta da ke, babu man zafi, babu komai. Kwana goman nan na karɓe ki. Abin da nake roƙo, ki rubuto min komai dalla-dalla, maganinta da lokutansa, yadda kike ta da ita, abin da take so da wanda ba ta so. Ina so in iya tun kafin ku iso.

Taki,
Auta

*

Lahadi, 2 ga wata

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Fata kawai zan yi, tunda mako tara ke nan babu amsa. In na kira, kafin in gama sallama kin ce "ga Inna" kin miƙa mata. Na tambayi mai raba wasiƙu har ya fara sauya hanya in ya hango ni.

To bari ki ji abin da na yi. Dattijuwar ta ce ba za a taɓa gadon mijinta da zarto ba, kuma da gaskiyarta. Sai na sa aka sauko da nawa daga hawa na uku, aka tura shi a amalanke har gidanta. Gadon nan shi ne abu na farko da na mallaka a tsibirin nan, na katako mai nauyi. Na kira kafinta na ba shi kirtaninki. Ya auna, ya dube ni, ya sake aunawa. Ya ce, "Baiwar Allah, kin tabbata? In na yanke fa ba ya tsirowa." Na ce ya yanke. Ya datse ƙafafu huɗun ina tsaye. Yanzu kirtani da gado sun zama ɗaya, ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. Ni kuma ina kwana a tabarma, kuma ban damu ba.

Saboda haka babu sauran hanzari. In akwai wani kirtanin, ki aiko.

Yaya, ni ba yarinya ba ce. Na san shirun nan na ɗakin baranda ne. Na ba ki hutu kin karɓe shi kamar na kore ki. Ke kina ganin ni ce 'yar gata don an ambace ni gaban mai kanti. Ni kuwa sai da aka gyara min a takarda kafin in san wace gwiwa ke damun uwata. Kin san zafin wannan? Kin same ta shekara shida, safe da yamma. Kwana goma na roƙa. Ko su ma sun yi min yawa?

Ki amsa min ko da zagi ne.

Auta

*

Juma'a, 14 ga wata

Auta ƙanwata,

Muna lafiya. Inna ta ci abinci sosai makon nan, likita ya duba ta ya ce tafiyar ba matsala in za a huta a hanya. Takardarki ta zo ranar Talata, na karanta a tsaye, da na zo wurin zarton sai na nemi kujera.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kirtanin nan ƙarya ne. Na auna gadon Inna daidai, inci ashirin da ɗaya, sannan na ɗauki almakashi na rage taƙi guda. Da gangan na yi. Na san babu masaukin da ke ajiye gado a wannan tsayin, na ce za ki yi yawo ki gaji ki ce a bari sai baɗi. Ban kawo a raina za ki sa a datse naki ba, na manta taurin kan gidanmu ba ni kaɗai na gada ba. Kuma ki sani, gadon da kika yanke Inna ba za ta iya tashi daga kansa ba. Mai ciwon gwiwa gado mai tudu take so. Duk wanda ya yi jinyar tsoho mako ɗaya ya san wannan, kuma na san ba ki sani ba, shi ya sa na yi. Wannan ya fi komai ba ni kunya. Shekara ashirin ina ɗinki ban taɓa cin amanar awo ba sai a kanki.

Kin tambaya ko kwana goma sun yi miki yawa. Kishi nake, Auta. Ga shi na faɗa. Kuma akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, don kar hankalinki ya tashi kina nesa.

Tun bara mantuwa ta fara taɓa Inna. Ba sosai ba, tana gane gida, tana gane maƙwabta, tana sallarta. Amma sunana ya ɓace mata. Da safe in ta buɗe ido ta gan ni da ruwan ɗumi, sai ta ce, "Auta, kin tashi?" In na ɗaura mata ɗankwali ta ce, "Sannu Auta." Da farko ina gyara mata, sai ta rikice ta yi ta kallona kamar na yi mata faɗa. Sai na daina. Yau wata goma sha huɗu ina amsa sunanki. Ni ke wanki, ni ke shafa mai, ni ke yanke mata farce, albarkar kuma da sunanki take fita. Wani lokaci in na amsa sai in shiga ɗakin ɗinki in taka keke babu zare, don kar ta ji ni.

To da kika ce ke da ita a ɗakin ciki, sai na ce a raina, in ta samu Autar gaske a gefen gadonta, ni kuma wace ce? Matar da ke ɗakin baranda?

Ga kirtani na gaskiya, na ƙulla bakinsa biyu don ki san ban taɓa shi ba. Ga kuma takarda daban, na rubuta komai. Ƙwaya fara bayan karin safe, ja bayan la'asar. In za ki ta da ita ki tsaya ta hagunta, ki sa hannu a ƙarƙashin hammata, kar ki ja ta ta yatsu. Ba ta son a ce mata "yi a hankali", haushi take ji. Sauran kya gani a ciki. Ban rage komai ba wannan karon.

Ki ɗauki ɗakin cikin. Ki yafe min gadon in za ki iya.

Yayarki

*

Alhamis, 27 ga wata

Yaya,

Na samu saƙo, na gode Allah da jin bayanin likita. Ina lafiya, sai bayana da tabarma ta fara gaisawa da shi.

Ban yafe ba tukuna, kar in yi miki ƙarya. Kwana biyu ina zaginki a zuci ina miƙa wa mutane tikiti. Na koma wurin kafinta da sabon kirtani, ya kalle ni ya kalli sama, ya ce a gidanmu kowa haka yake ko ni kaɗai ce. Ya yi wa gadon ƙafafun aro ya ɗaure su da ƙusoshi masu kauri. Muni kam ya yi muni, amma ni da dattijuwar mun hau mun zauna tare bai motsa ba. Inci ashirin da ɗaya cif.

Yanzu ki ji nawa. Kin ce kin ɓoye min mantuwar Inna. Yaya, na riga ki sani ta wani gefen. Kin san abin da take ce min in kin miƙa mata waya kin koma kan keke? "Sannu 'yar nan. Ya mutanen gidan? A gaishe su." Gaisuwar baƙuwa take min, mai ladabi, irin wadda take yi wa mai karɓar kuɗin wuta. In na ce, "Inna, Auta ce," sai ta ce, "Auta tana ɗaki tana ɗinki, in kira miki ita?" Sau uku tana faɗa min haka. Ban gaya miki ba don na kasa. Shi ya sa na nace wa shugabanmu, shi ya sa nake son ɗakin ciki. Na ce ko in ta buɗe ido ta gan ni kwana goma a jere, fuskata za ta dawo mata.

Ke kina kuka an ba ni albarkarki. Ni kuwa da na karanta takardarki cewa na yi, ashe har sunan nawa yana wurinki. Kina da ita, kina da sunan. Ki gaya min wa ya kamata ya yi kishin wani.

Na riƙe muku kujeru a jirgin safe na ranar tara ga wata mai kamawa, ɓangaren inuwa, kusa da ƙofa. Zan tsaya a bakin gadar sauka da rigar aiki, ba za ku rasa ni ba. Dattijuwar ta wanke labule, ta ce a gaida Inna tun kafin ta gan ta.

Batun ɗaki kuwa, mu bar wa Inna. In kun sauko muka tsaya gabanta mu biyu, za ta ce Auta, kuma ɗayanmu za ta kalla. In ni ta kalla, ɗakin ciki nawa ne kwana goma cur, ko rana ɗaya ba zan ɗana miki ba, ki je ki yi ta kallon ruwanki. In ke ta kalla, kar ki gyara mata a gaban mutane, kar ki rikita ta. Ki ce mata ga mai masaukinmu ta zo tarye. Zan gaishe ta, in ɗauki jakarta, in bi ku a baya.

Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarki